Tsakanin Doka da Ƙa'ida

Tambaya: Malam, nakan ji 'yan jarida suna cewa an yi abu "ba bisa ƙa'ida ba", wani lokaci kuma su ce "an karya doka". Shin doka da ƙa'ida abu ɗaya ne?

Amsa: Suna da kusanci, amma a harshen hukuma kowace da matsayinta. Doka ita ce umarnin da mai iko ya kafa, wanda ya hau kan kowa, kuma wanda ya taka shi zai fuskanci hukunci; shi ya sa a zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ake kiran masu tsaron gari 'yan doka. A Nijeriya ta yau, abin da ke gaban majalisa ƙudiri ne, ba ya zama doka sai majalisun biyu sun amince da shi, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, idan kuwa ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya zartar da shi, kamar yadda sashe na 58 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada.

Ita kuwa ƙa'ida, kalmar Larabci ce da asalinta ke nufin tushe ko ginshiƙi, kuma a ofis tana nufin rubutaccen tsarin da ake bi wajen gudanar da aiki, kamar takardar da ake mannawa a ƙofar banki mai nuna abin da za ka kawo kafin a buɗe maka asusu. Ƙarfinta daga doka yake fitowa. Dokar Zaɓe ta 2022 ce ta ba hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ikon fitar da ƙa'idojinta, kuma a watan Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa dokar ba ta wajabta aika sakamako ta intanet ba, duk da cewa ƙa'idojin hukumar sun tanadi a ɗora shi. Mutane da dama sun ji zafin hukuncin, domin sun ɗauki ƙa'idar a matsayin doka.

A maganar yau da kullum an sassauta. Uba yakan kafa wa 'ya'yansa dokar dawowa gida kafin magariba, malami yana koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa, ba wanda zai ce sun yi kuskure. Amma ina roƙon masu fassara labarai su kiyaye, domin mai sauraro da ya ji "ya karya doka" zai ɗauka mutumin ya aikata laifin da kotu za ta hukunta, alhali wataƙila takarda ɗaya ce bai cike yadda ofis ya tsara ba.