Ruwan da ke tsiyaya daga fata bayan an zuba gishiri

Jiya bayan la'asar, kana barbaɗa gishiri a kan fatun awakin da mahauta suka kawo mana daga Tudun Wada, ka ce da ni: "Baba, gishirin nan busasshe muka zuba, fatar ma mun goge ta. To ruwan da ke tsiyaya kafin safiya daga ina yake? Malaminmu na kimiyya ya ce osmosis ne, ni ban gane ba." Na ce ka bari mu gama, don ɗanyar fata ba ta jiran hira. To yanzu jawo kujera, ɗana.

Ruwan a jikin fatar yake tun farko. Fatar da aka feɗe yanzu, wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne. Jikin akuya, da naka, da na ganye, duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da siririn tantani, shi kuwa tantanin nan mai gadi ne mai zaɓen baƙi: ruwa ya zo ya wuce abinsa, gishiri ya zo a tsare shi a ƙofa. Idan gishiri ya fi yawa a gefe ɗaya, sai ruwa ya riƙa ratsa tantanin yana komawa can. Abin da malaminku yake nufi ke nan. Gishirin da ka zuba yana taɓa danshin fata ya narke, ya zama ruwan gishiri mai ƙarfi a waje, na ciki kuma salam-salam, sai ya biyo shi.

Amma kada ka ɗauka fatar muke yaƙa. Akuyar ta riga ta mutu, tantanin ƙwayoyinta ya fara saki, shi ya sa gishirin ma yake samun hanya ya shige cikin fatar a hankali. Masu rai a wurin su ne bakteriya, masu jawo ɗoyi da ruɓa. A zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, ka bar fata wuni ɗaya ba gishiri, za ka ja gashin ya biyo hannunka. Su ma ƙwayoyi ne masu tantani. Gishiri ya kewaye su, ruwan cikinsu ya fice, su ƙanƙance su kasa hayayyafa. Shi ya sa nake yi maka faɗa idan ka yi rowar gishiri, kusan rabin nauyin fatar ake so. Shi ya sa kuma nake sa ka ɗauki kartaji, ƙarfen kankarar fata, ka kankare kitse tukuna, ka buɗe wuya da hammata, don gishiri ba ya ratsa kitse, inda bai kai ba kuwa nan ɓarna take farawa. Tsohon gishirin da aka kakkaɓe daga wata fata, zubar da shi. Akwai irin bakteriyar da gishiri ne gidansu, su ne masu barin jan tabo.

In kana so ka gani da idonka, karɓi dankalin turawa biyu wurin innarka. Dafa ɗaya, ka bar ɗaya ɗanye. Fere su, ka ƙwaƙule rami a kowanne, ka zuba gishiri a ramin, ka ajiye su a faranti mai ɗan ruwa. Ramin ɗanyen zai tara ruwa. Dafaffen ba zai yi abin kirki ba, wuta ta kashe mai gadin.

Hanyar kuma tana juyawa. Mai alayyahu a kasuwar Sabon Gari da ke yayyafa wa ganyensa ruwa, ruwan shiga ƙwayoyin yake yi su cika, ganyen ya miƙe. Manomin lambu a bakin Galma da ya tula takin yuriya a gindin tumatir, ruwan saiwar ne ya fice, shi kuma ya ce taki ya ƙona shuka. Ruwan da ake ƙara wa majiyyaci a asibiti an auna gishirinsa daidai da na jini, giram 9 a lita ɗaya, domin zallar ruwa in ya shiga jijiya, jajayen ƙwayoyin jini su sha har su fashe.

Sai ɗayar da ke littafinku, difushan, wadda ni nake ce mata bazuwa. Ita ba ruwanta da mai gadi. Abu ne ke tashi daga inda ya yi yawa ya bazu zuwa inda ya yi kaɗan, kamar warin majemar nan da maƙwabta ke ji mu da ke ciki mun daina ji. Haka iskar da ka shaƙa take shiga jininka daga huhu. Haka kuma bagaruwa take shiga fata, daga waje zuwa tsakiya, ba ta da gaggawa. Ina kamarka, na taɓa so in burge maigidana, Allah ya jiƙansa, na haɗa ruwan bagaruwa mai kauri na tsoma fatu. Saman ya jemu nan da nan ya toshe hanya, tsakiyar ta zauna ɗanya, da suka bushe suka riƙa tsagewa, kamar ƙosan da ya soyu a waje ciki bai nuna ba. Bai zage ni ba, sa ni ya yi na kai su wurin baduku da kaina. Masanan cibiyar binciken fata ta Samaru suna auna ƙarfin ruwan da na'ura, mu kuwa launi da harshe ne ma'auninmu, amma ƙa'idar ɗaya ce: a fara da tsohon ruwa mai rauni, a riƙa ƙara ƙarfi, a riƙa juyawa. Da hunturu ka ƙara mata lokaci, sanyi na rage mata sauri.

Gobe da sassafe ka ciro fata ɗaya daga kwatarniyar kusa da ƙofa, ka yanki ɗan bakin wuya, nan ne ya fi kauri. In ka ga farin layi a tsakiya, bagaruwa ba ta kai can ba, mayar da ita.