Filin Tambaya da Amsa: Gwada Ƙasa Kafin a Haƙa Sokawe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magini ne a Maiurno, jihar Sinnar, a ƙasar Sudan. An ba ni aikin gidaje huɗu a fili ɗaya, mai aikin kuma yana so ruwan rufi ya tafi sokawe, wato ramin da ƙasa ke shanye ruwa ta cikinsa. A watan Afrilu na haƙa rami na juye ganga biyu, nan da nan ruwan ya ɓace. Wannan ya isa in fara aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, bai isa ba. Baƙar lakar nan da ta shimfiɗu daga Jazira zuwa Sinnar da Gadarif tana tsattsagewa da rani, to tsaga ruwanka ya bi. Da damina ta sauka lakar za ta jiƙa ta kumbura, tsagar ta rufe, ruwa ya kwanta a ramin kamar a randa.

Hanyar da injiniyoyi da yawa ke bi ita ce ta BRE 365, takardar ƙa'idar gina sokawe wadda aka fitar a Ingila a 1991. Ka haƙa ramin gwaji a daidai inda sokawen zai zauna, zurfinsu ɗaya. A ce tsawo mita 2, faɗi rabin mita. Ka kankare bangon, domin shebur yana dame laka ya toshe ta. Ka kafa sanda mai alama, ka cika ruwa da sauri zuwa santimita 120. Lita 1,200 ke nan, ganga shida, saboda haka ka shirya da mai tanka tun da wuri. Guga-guga ba ya yi.

Kada ka fara duba agogo sai ruwan ya sauka zuwa santimita 90, ka tsaya a santimita 30. Ruwan da ya tafi tsakanin alamomin biyu kubik mita 0.6 ne. Ka raba shi da faɗin inda ruwa ke taɓawa idan ramin yana rabi, wato gindi da bango, murabba'in mita 4, sannan ka raba da awannin da ya ɗauka. Awa 3 za ta ba ka santimita 5 a awa. Awa 30, rabin santimita kacal a awa.

Sau uku ake cikawa a jere, a ɗauki sakamako mafi jinkiri. A nan masu aiki ke yin ha'inci saboda kuɗin ruwa, alhali cikawa ta uku ce ke nuna halin ƙasa a watan Agusta. Kuma fili mai gidaje huɗu rami ɗaya ba ya wakiltarsa.

Ga lissafin girma: ruwan sama milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 5,000 ne. Idan tsakuwa za ka cika ramin sokawen da ita, kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai sararin ruwa, sai ramin ya kusa kubik mita 17. Dole kuma rabin ruwan ya tsiyaye cikin awa 24. Ka nisanta shi da tushen gini aƙalla mita 5. A wannan laka mu dai mun fi son fiye da haka, don kumburinta kan ɗaga tushe ya tsaga bango. Kada kowa ya shiga ramin da aka jiƙa, a kuma kange shi saboda yara.

TAMBAYA: Daga Wad Madani nake. Ramin gwajina ya kwana biyu ruwan bai sauka zuwa alamar santimita 30 ba. In ƙara zurfi?

AMSA: Sai in ka tabbatar akwai yashi ko tsakuwa a ƙarƙashin lakar, ka kuma sake gwajin a can. A bar aƙalla mita 1 tsakanin gindin sokawe da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina, musamman kusa da kogi ko rijiyar sha. In babu yashi, ka bar maganar sokawe. Ka tara ruwan rufi a tanki, rarar ka ja ta da kwata zuwa magudanar unguwa.