Askar ɗakin gwaje-gwaje: wasawa, aski, da jabun da ake sayar muku

Wani mai karatu daga Zariya ya tambaya: "Na sayi tsohuwar aska mai lanƙwashewa a wurin 'yan gwanjo. Gefe ɗaya a kwarɓe yake kamar na sauran asake, ɗayan kuma a shafe sumul. An ce ta ɗakin gwaje-gwaje ce. Za ta yi aski?"

Za ta yi, Malam. Da irinta ɗaliban ilimin tsirrai suke yanka kara ko ganye siriri ƙwarai don dubawa a madubin ƙara girma. Gefen da yake a shafe shi ke kwantawa a kan abin da ake yankawa, don yankan ya fita daidai. Yawancinsu aikin Shefil ta Ingila ne ko Solingen ta Jamus, kuma ƙarfensu na aska ne sosai.

Wahalar a wasawa take. Aska mai kwarɓi gefe biyu, baki da baya kaɗai ke taɓa dutse. Wannan kuwa in ka kwantar da shafaffen gefen, duk fuskar ce za ta manne wa dutsen, ka wuni kana cin ƙarfe kaifi bai zo ba. Ka samu baƙin salatif na masu wayarin, ka liƙa zubi ɗaya a bayanta, ya ɗaga ta kaɗan. Ka shafa wa bakin tawadar alƙalamin maka gefe biyu, ka ja sau biyar ka duba: inda tawada ta rage, dutse bai kai wurin ba. Fara da dutsen wasawa na ruwa mai lamba 1000 (yawan lamba, yawan laushin dutse) har sai ta ɗauke gashin hannu tun daga gindi zuwa tsini. Kada ka bar wannan dutsen kafin haka, don masu laushi ba sa gyara abin da ya bari. Daga nan 4000, sai 8000. Baki ne ke gaba a kan dutse, a juya ta kan baya, jan kowane gefe ya zama daidai da ɗan'uwansa, kuma nauyin askar ya isa, ba a dannawa. Salatif in ya cinye a sake shi, in ba haka ba kusurwar ta sauya. A fatar wasa aska kuwa baya ne ke gaba, ja 40 zuwa 50 kafin kowane aski.

A fuska za ka ji gefen biyu sun bambanta. Shafaffen yana manne wa kumfa, sai ka ɗan ɗaga bayan. Amma kada ka wuce kaurin bayan sau biyu daga fata. Fara da kumatu, ka bi kwanciyar gashi. Mai murɗaɗɗen gemu da ya yi aski sama ya gayyato ƙuraje.

Daga Maraɗi: "Na ga wata a shafin sayarwa, an rubuta Solingen a jikinta, an ce tsohuwar ta asibiti ce, kuɗinta bai kai na cajar waya ba. In tura?"

Kada ka tura ko sisi. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sunan Solingen doka ce ke kare shi a Jamus tun 1938, amma dokar ba ta hana wani a wata ƙasa ya buga kalmar a kan ƙarfen banza. Ta gaske tana ɗauke da sunan maƙerinta ko tambarinsa a dase a wuya, ba sunan gari shi kaɗai ba da aka zana kamar fenti. Kuma abin da ya shekara 60 ko 70 a durowa ba ya walƙiya ko'ina. Akwai duhun tsufa a wurin ƙusa, akwai sawun dutse a baya. Mai sayarwa da ke da guda 30 iri ɗaya, duk "tsofaffi", ka tambaye shi wane asibiti ne ya tara su.

Ƙarfen jabu ba a gasa shi yadda ya kamata ba. Zai yi kamar ya ɗauki kaifi, ya mutu kafin ka gama kunci ɗaya. Sai mutum ya zargi hannunsa, ya sake sayen dutse, ya sake sayen fata, ya kashe kuɗin buhun shinkafa a kan abin da wanzamin unguwarsu zai gaya masa gaskiyarsa da ja biyu. Kowa ya san araha ba ta ado, amma da an ga rubutun boko a jikin ƙarfe sai hankali ya tafi.

Ko ta gasken ma a duba ta. Tsatsa a baya ko a wuya ana gogewa. Ramukan tsatsa a kan baki kuwa suna nan suna ɓantarewa duk lokacin da aka wasa. Tsaga a baki, a bar ta. In marfin na tsohuwar roba ne kuma tsatsa ta bi daidai inda ya rufe ƙarfen, robar ce ke ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, sai an sauya marfi. Hoto ɗaya daga nesa bai isa ciniki ba, a nemi na gefe biyu da na baki.

Daga Kumasi: "Tawa ba ta lanƙwashewa, tana cikin akwatin katako, ta kusa taki ɗaya, da nauyi."

Wannan wuƙar injin da ke yanka nama siriri don gwaji ce, ɗaure ta ake yi a jikin inji. Ba ta da mariƙin aski. Ka mayar da ita akwatinta.

Daga Gombe: "In kai wa mai wasa wuƙa na kasuwa?"

A'a. Injinsa zai zafafa bakin, taurin ƙarfen ya tafi, kuma ba ya dawowa.

Wata baiwar Allah daga Katsina: "Mahaifina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, ya rasu ya bar guda biyu. Maigidana yana so, ni kuma ina tsoron cuta."

Allah ya jiƙan Baba, Hajiya, kuma tsoronki a kan hanya yake. Ki kwantar da hankali: ƙwayar ciwon hanta nau'in B, mai taurin kai, tana iya yin mako ko fiye a busasshen jini, amma ba shekaru masu yawa ba. A wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori, musamman wurin ƙusa inda kakin gwaji ke maƙalewa, a goge ƙarfen da sifirit mai kashi 70, a bar shi ya bushe. Kada a tafasa, marfin zai lanƙwashe. Kada a kara a wuta. Wasawa ma za ta cire tsohon bakin. Bayan kowane aski a tsane ta, a shafa ɗigon man keken ɗinki, musamman da damina, kuma ta zama tasa shi kaɗai.

Sharaɗi ɗaya: in Baba ya yi aiki a sashen da ake yanka ƙwaƙwalwa, ta mutum ko ta dabba, a ajiye su don tunawa da shi kawai. Akwai cututtukan ƙwaƙwalwa da sifirit da tafasa ba sa kashe abin da ke jawo su. In a makaranta ya yi aiki, kara da ganye suka yanka, maigida ya wasa abarsa.