Wane maganin dafin maciji ya kamata mu saya mu ajiye?

Wani manomi daga wajen Magarya ya rubuto cewa bara da damina kububuwa ta sari ƙanensa a gona, suka sayi maganin dafi aka yi masa allura, amma jini ya ci gaba da fita daga dasashinsa har sai da aka kawo shi asibiti a Damagaram. Bana mutanen garinsu sun yi karo-karo domin su ajiye magani a gidan likitan ƙauyen, aka nuna musu iri biyu, ɗaya ya fi araha ƙwarai. Yana tambaya ko akwai bambanci, tunda duka sunansu maganin maciji.

Malam, Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya. Bambancin babba ne, kuma asalinsa daga yadda ake haɗa maganin ne. Ana tatsar dafin macizai a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan, daga baya a tace garkuwar da jinin dabbar ya samar, saboda haka magani ya fi gane dafin da aka haɗa shi da shi. Dafin kububuwa, wadda ba a banza ake ce mata gobe da nisa ba, yana tilasta wa jini daskarewa a cikin jijiyoyi har sinadarin daskarewar ya ƙare, daga nan sai jinin ya tsinke ya riƙa zuba ta dasashi da fitsari da tsofaffin raunuka, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Indiya ma tana da kububuwa, sai dai dafinta ya sha bamban da na tamu, kuma maganin da aka haɗa dominta ya sha kasa tsayar da jini a Afirka ta Yamma. A wani asibitin karkara a Gana, da aka koma irin wannan magani, mace-macen waɗanda aka sara sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari, kamar yadda aka wallafa a 2008. Wannan adadi ya isa ya sa a ji tsoron araha.

Shawarata ita ce kada ku saya da kanku. Ku tafi da ma'aikacin lafiyarku, ya duba takardar da ke cikin kwalin. In ya ga Echis ocellatus ko Echis leucogaster, sunayen kimiyya ne na kububuwarmu, in kuwa Echis carinatus, wato ta Indiya, kaɗai ya gani, ku bar shi. Ya fi kyau maganin ya haɗa da kasa da kumurci. Maganin ruwa yana buƙatar firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka inda wuta ba ta tsayawa, busasshe mai kamar gari wanda ake narkarwa ya fi dacewa da zafin ƙasarmu.

Ku ware wani abu daga kuɗin ku sayi ƙananan kwalabe na gilashi. Ana zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsabta a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jini. Bayan awa 6 da yin allura a sake gwadawa, in har yanzu jinin a tsinke yake sai a ƙara magani, shi ya sa kwalbar magani ɗaya ba ta isa ajiya ba. Allurar kanta a gaban ma'aikacin lafiya ake yin ta, domin jikin wasu yana ƙin maganin nan take.