Amsa: Nawa zan tanada kafin in kai ƙanena asibitin ƙwaƙwalwa?

Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Ka ce ƙanenka ya daina barci, yana jin muryoyi, kuma kana tsoron kuɗin asibiti zai fi ƙarfinka. Mu ma mun sha wannan da yayarmu, daga ƙauyenmu a ƙasar Ringim muke kai ta.

A yankin Jigawa da Kano akwai asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, akwai na Dawanau, sannan Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen. Kati da ganin likita ba su ne ke cin kuɗi ba. Abin da ke karya mutum shi ne kuɗin mota duk wata, mutum biyu, da magani wanda ba a yanke shi. Idan aka kwantar da shi kuma, ga abinci, ga mai jinya da ya bar gonarsa.

Ka faɗa wa likita ƙarfin aljihunka, kada ka ji kunya. Tsofaffin magunguna irin haloperidol da chlorpromazine sun fi olanzapine araha, kuma akwai allurar da ake yi kusan wata-wata. Likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba.

Mu kuskurenmu, da yayarmu ta samu sauƙi muka tsayar da maganin don mu huta da kashe kuɗi. Ciwon ya dawo, sai da muka sayar da tumaki biyu. Don Allah kada a ɗaure shi da mari. Ku ci gaba da addu'a, amma a kai shi cikin makon nan.