Hezekiya: Yaya Mai Bangaskiya Ya Faɗa Girman Kai?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda Hezekiya, sarkin Yahuza da ya dogara ga Allah haka, ya ƙare da fahariya.

Bi labarin daki-daki. Da Sarki Sennakerib na Assuriya ya aiko da wasiƙar barazana, Hezekiya ya kai ta Haikali ya shimfiɗa a gaban Ubangiji. Da ciwo ya kwantar da shi, ya juya fuska bango yana kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, aka ɗora masa curin ɓaure a marurun ya warke.

Bayan sauƙi ya samu ne jakadun Babila suka zo gaisuwa. Sai ya zagaya da su taskokinsa, azurfa, zinariya, makamai, bai bar kome ba. Annabi Ishaya ya ce duk za a kwashe su zuwa Babila. A ganina yabo ya fi yaƙi wuyar ɗauka a gare shi.

Kada ka ce addu'ar neman warkewar ce laifin. Nassi bai faɗi haka ba. Kada kuma ka tsaya a 2 Sarakuna 20. A 2 Tarihi 32:26 Hezekiya ya ƙasƙantar da kansa, fushin Allah bai sauko a zamaninsa ba.

Aya ta 31, inda Allah ya bar shi don ya gwada shi, tana da nauyi. Zauna da fastonku a kanta.