Kada ki saki jiki da PG ɗin nan, 'yar'uwa

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki bar 'yarki mai shekara bakwai ta kalli fim ɗin The Witches tunda an rubuta masa PG, wato alamar da ake sa wa fim cewa yara za su iya kalla da kulawar iyaye. Ni dai shawarata ki dakata tukuna, kuma ba labari na ji ba, a ɗakina abin ya faru.

Ƙanina ne ya turo mana na 1990 ɗin a waya, lokacin Autata tana da shekara shida. Da na ji daga littafin yara na Roald Dahl aka ɗauko shi sai na saki jiki, na bar su na tafi tuƙa tuwo. Ban ko kwashe ba na ji ihu. Ashe an zo inda shugabar mayun ta ɓare fatar fuskarta, mummunar ta ainihi ta bayyana. Sati biyu yarinyar nan ba ta yarda ta zagaya da dare ita kaɗai, fitsarin kwancen da ta bari tuntuni ya dawo.

Tsoron ya wuce. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Fim ɗin yana nuna wa yaro cewa mayya mace ce kamar kowa, da safar hannunta da murmushinta, ta miƙa maka cakulan ta mayar da kai ɓera. Ɗan Bature ya kalla ya kashe talabijin, a wurinsa tatsuniya ce. Mu kuwa kalmar tana da nauyi. Akwai wata tsohuwa a layinmu mai ƙuli-ƙuli, kullum sai ta gutsura wa yara. Ran nan ta miƙa wa Auta, yarinyar ta ƙanƙame zanina ta ce, "Umma, mayya ce." A gaban mutane fa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kin san abin da ƙazafin maita ke jawowa: a daina sayen kayan mutum, a guji auren 'ya'yansa, wani lokacin har da jifa. Bayan isha'i na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai 'yar nan, ai yarinya ce," amma har na fito ba ta ɗago kai ba.

Shi PG ma'anarsa iyaye su duba da kansu, kuma a Amurka aka yi awon, ba da unguwarmu a rai ba. Coraline na 2009 ma PG ne, ki gan shi kamar katun, alhali a ciki wata mai kamannin uwa ke son ɗinka wa yarinya maɓallai a gurbin ido. Harry Potter na farko, na 2001, PG ne, amma na huɗu da ya fito a 2005 ya koma PG-13, wato a yi hattara da yaran da ba su kai shekara sha uku ba, a ciki har ɗalibi aka kashe. Don yaro ya ga na ɗaya lafiya, kada ki miƙa masa sauran a jere.

Yanzu ni nake fara kallo in sun yi barci. In ya yi mini, mu zauna tare da rana, rimot a hannuna, in an zo wurin tsafi in tsayar mu yi magana kan abin da addininmu ya ce game da sihiri. Babbar 'yata mai shekara goma sha uku ta kalli The Witches ɗin lafiya ƙalau. Taki kam ki bari ta kai goma ko sha ɗaya, kuma ranar ki zauna kusa da ita.